Eyam, Ƙauyen Da Ya Rufe Kansa A Kwiɓin Tudu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a Sheffield. Malaminmu ya ambaci wani ƙauye a kusa da nan mai suna Eyam, ya ce mutanensa sun killace kansu lokacin wata annoba fiye da shekara 350 da suka wuce. Da gaske haka abin ya faru? In na je, me ya kamata in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Da gaske ne, abin ya faru tsakanin Satumbar 1665 da Nuwambar 1666. Sai dai labarin da ake bai wa baƙi a yau an daɗe ana goge shi, har ya yi santsi fiye da yadda yake a takardun zamanin. Tunda fanninki ne, gara ki je da idon mai bincike. Ƙauyen yana gundumar Derbyshire, cikin gandun Peak District, kimanin mil 12 kudu maso yamma da Sheffield. In za ki tambayi direban bas ki ce "Iim", haka mutanen wurin suke kiransa. A ƙidayar 2011 mutum 969 ne a cikinsa.

Ki fara da ƙasar kanta kafin ki kai ga annobar, domin wanda bai gane dalilin zaman ƙauyen a wurin ba, ba zai gane yadda aka iya rufe shi ba. Eyam a kan wani dandamali yake a kwiɓin tudu, kimanin ƙafa 800 sama da teku. Ta arewa tudun Eyam Edge ya tokare shi, dutse ne mai kaushi irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi. Ta kudu ƙasa ta zurma zuwa kwazazzabon Middleton Dale, can kuma dutsen farar ƙasa ne, irin na siminti. Ruwan sama yana ratsa dutsen sama ya gangara, sai ya tarar da wani shimfiɗaɗɗen yumɓu mai tauri da ba ya ratsuwa, sai ya ɓullo a gefen tudun. A bisa layin waɗannan idanun ruwa aka jera gidaje, shi ya sa za ki ga ƙauyen dogo ne siriri, titi guda mai tsawon kusan mil ɗaya. Tun a 1588 aka jawo ruwan zuwa komayen dutse da aka girke a wurare 12 cikin ƙauyen, mutane su ɗiba, dabbobi su sha. Wasunsu suna nan har yau ruwa na zuba a ciki, mafi kyansu su ne na Hall Hill. Ƙauyukan Ingila kaɗan ne suka riga Eyam samun ruwan jama'a irin wannan.

Wurin tsoho ne ƙwarai. A saman tudun, cikin dajin Eyam Moor, akwai wani zoben duwatsu mai suna Wet Withens da mutanen zamanin tagulla suka kafa. Sunan ƙauyen ya fito a kundin ƙidayar dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Amma abin da ya ciyar da Eyam ɗaruruwan shekaru dalma ce. Jijiyoyinta suna cikin dutsen farar ƙasar nan, tun Rumawa suna mulkin Birtaniya ake haƙar ta a Derbyshire. Mahaƙan yankin suna da dokarsu da kotunsu daban. Bisa al'adarsu kowane mutum yana iya neman dalma a filin kowa, ban da maƙabarta da lambu da babbar hanya, muddin zai fitar da kason mai ƙasa da ushirin coci. Mashayar Miners Arms da ke tsakiyar ƙauyen, ginin 1630, nan kotun mahaƙan ta riƙa zama. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 mun san wannan sana'a ba ta barin mai ita lafiya. A Derbyshire ma filin da ke kusa da wurin wanke dalma ko narka ta yakan kashe dabbar da ta yi kiwo a kai. To mutanen da annoba ta tarar a 1665 irin waɗannan ne: mahaƙa masu ɗan fili da 'yan tumaki, talakawa masu taurin rai, waɗanda ba su saba wani ya zo daga waje ya tsara musu rayuwa ba.

A shekarar 1665 annobar da Turawa suke kira bubonic plague tana cin Landan. A ƙarshen bazara wani ƙunshin yadi ya iso Eyam daga can, na wani tela mai suna Alexander Hadfield. Yaron shagonsa George Viccars ne ya kwance shi, ya ji yadin da danshi, ya shanya a gaban murhu. Ana ganin ƙuma ce a cikin yadin, zafin wuta ya tashe ta. Ranar 7 ga Satumba aka binne Viccars. Ranar 22 ga watan aka binne Edward Cooper, yaro ɗan shekara 4, ɗan matar telan daga mijinta na fari. Daga nan cutar ta tsallaka katanga zuwa maƙwabta.

Waɗannan gidaje suna nan, jeren ƙananan gidajen dutse dab da cocin ta yamma, kuma mutane na zaune a ciki. A gaban kowanne akwai koren allo da sunayen waɗanda suka mutu a gidan da ranar kowa. Ki tsaya ki karanta ranakun, kada ki tsaya ga sunayen kawai. A gidan Hadfield matar gidan, Mary, ita kaɗai ta rage, bayan ta rasa 'ya'yanta biyu da mijinta, jimillar danginta 13. A gidan da ke kusa mutum tara na iyalin Thorpe ne, ba wanda ya tsira. Tazarar kwanakin da ke tsakanin mutuwa da mutuwa a gida ɗaya za ta nuna miki yadda cutar take tafiya fiye da duk wani bayani da zan yi miki.

Zuwa ƙarshen 1665 mutum 42 sun mutu. Da sanyin hunturu ya kankama cutar ta lafa, har aka fara tsammanin ta wuce. Da zafi ya dawo a Yunin 1666 ta taso da ƙarfin da ya fi na da. Nan ne aka yanke shawarar da ta sa ake tuna ƙauyen.

A nan nake so ki daɗe, domin nan ne darasin fanninki yake. Limamin cocin a lokacin, William Mompesson, baƙo ne, saurayi da bai kai shekara 30 ba, a 1664 aka turo shi. Mutanen ƙauyen da yawa ba su karɓe shi ba. Ingila ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, wanda aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Da aka maido da sarauta a 1660, sai aka kafa doka a 1662 cewa kowane limami ya bi littafin addu'ar cocin gwamnati ko ya sauka. Limamai kusan 2,000 suka rasa kujerunsu. Cikinsu akwai Thomas Stanley, tsohon limamin Eyam, wanda jama'a suke ƙauna suke jin maganarsa, kuma yana nan a ƙauyen ba muƙami. Ga mai kujera ba jama'a, ga mai jama'a ba kujera, kuma aƙidarsu ta saɓa. Da Mompesson shi kaɗai ya miƙe ya ce kowa ya zauna, ina ganin da kafin gari ya waye rabin ƙauyen ya bi daji. Sai ya nemi Stanley, suka tsaya tare a gaban jama'a. A ganina wannan shi ne babban abin da ya faru a Eyam, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Shekaru da yawa sunan Mompesson kaɗai ake kira, Stanley kuwa, wanda ya riƙa shiga gidajen marasa lafiya yana rubuta musu wasiyya, sai daga baya aka tuna da shi. Ya rasu a ƙauyen a 1670. Akwai dutsen tunawa da shi a harabar cocin, ki neme shi.

Abu uku suka amince a kai. Ba sauran jana'iza a maƙabartar coci, kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, da sauri, a lambu ko a gona. An rufe cocin, ibada ta koma fili. Sannan an shata iyaka kewaye da ƙauyen, ba shiga ba fita har cutar ta ƙare. Ga Kirista na wancan zamani, a binne shi ba a cikin tsarkakakkiyar maƙabarta ba, kuma ba tare da limami ya yi masa addu'a ba, abu ne mai ɗaci sosai, kada ki ɗauka sharaɗin farko ya fi na ukun sauƙi.

Wurin ibadar shi ne Cucklett Delf, wani ɗan kwari mai ciyawa kudu da ƙauyen, 'yan mintoci a ƙafa daga dandalin ƙauyen. A gefensa akwai wani dutsen farar ƙasa da ruwa ya huda ya zama kamar ƙofa. Daga nan Mompesson yake wa'azi, iyalai suna tsaye a gangaren, kowane gida nesa da ɗan'uwansa. Ba su san ƙwayar cuta ba. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ta a Hong Kong, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna rawar ƙumar ɓera. Mutanen Eyam gurɓatacciyar iska da fushin Ubangiji suke zargi, amma ido ya nuna musu cewa kusantar juna yana kashewa.

Ƙauyen mahaƙa ba ya noma abin da zai ci, don haka ba yadda za a rufe shi sai an san ta inda abinci zai shigo. Mompesson ya rubuta wa babban basaraken yankin, Earl na Devonshire da ke gidan Chatsworth, shi kuma ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani. Ƙauyukan maƙwabta ma suna kawowa su ajiye a bakin iyaka su koma. Wurare biyu na wannan musaya suna nan. Ɗaya rijiyar Mompesson ce, idon ruwa da aka rufe da dutse a saman tudu ta arewa, hawan akwai wuya. Ɗayan kuma, wanda na fi so ki gani, dutsen iyaka ne a kan turbar da ta gangara zuwa ƙauyen Stoney Middleton.

Ki bi ta layin Lydgate. A hanya za ki wuce wani ɗan shinge mai kabari biyu, na George Darby da 'yarsa Mary, shi a Yuli ita a Satumbar 1666. Daga nan turba ta ratsa filayen kiwo masu katangar dutse ba siminti, har ki iso wani ƙundumemen dutse a tsakiyar ciyawa, bai kai ƙugu ba. A samansa akwai ramuka shida, kowanne yatsa zai shiga. Nan mutanen Eyam suke zuba ruwan khal su jefa kuɗin abincin a ciki, da imanin cewa tsamin zai kashe cutar. Yau ruwan sama ne a ramukan, da sulallan da baƙi suke bari. In kika tsaya a wurin kika dubi gabas, ga rufin gidajen Stoney Middleton nan ƙasa, tafiyar minti goma. Ba katanga, ba soja. Wanda ya so gudu da dare ba abin da zai tare shi a wurin.

Amma ki riƙe wannan ma. Kafin a shata iyakar, wasu masu hali sun riga sun kwashe iyalansu sun fice. Mompesson da kansa ya aika 'ya'yansa biyu Yorkshire. Waɗanda suka rage akasarinsu talakawa ne da ba su da inda za su, kuma duk garin da suka nufa korar su za a yi. Akwai labarin baka na wata mata da ta sulale zuwa kasuwar Tideswell, aka gane daga ina take, aka rako ta da jifa. Dokar Ingila ma tun 1604 ta ba hukuma ikon rufe gidan da annoba ta shiga. Don haka zaman nasu ya haɗa imani da alkawari da rashin mafita, kuma faɗin haka bai rage musu daraja ba. Matar Mompesson, Catherine, tana da hanyar tafiya, mijinta ya roƙe ta ta bi yaran, ta ƙi. Ta zauna tana taya shi duba marasa lafiya har cutar ta ɗauke ta a ƙarshen Agustan 1666, tana da shekara 27. Duk da yarjejeniyar, kabarinta yana harabar cocin, babban akwatin dutse kusa da wani tsohon gicciye.

Agustan nan shi ne mafi muni, fiye da mutum 70 a wata guda, wata rana biyar wata rana shida. Cutar takan fara da zazzaɓi da kaluluwa a hammata ko matsematsi ko wuya, in ta shiga huhu kuwa kwana biyu ko uku ne. Wani mahaƙi mai suna Marshall Howe, wanda ya kamu ya warke, shi ya riƙa binne waɗanda ba su da mai binne su, yana ɗaukar ladansa daga kayan gidan. A watan shi ma ya binne matarsa da ɗansa.

Wurin da ya fi taɓa ni a Eyam shi ne kaburburan Riley, kimanin rabin mil gabas da ƙauyen, a tsakiyar wata gona a kan gangare. Wata gajeriyar katangar dutse ce ta kewaye allunan kabari shida da kabari guda mai murfi. Iyalin Hancock ne. Ranar 3 ga Agusta Elizabeth Hancock ta binne 'ya'yanta biyu. Ranar 7 ta binne mijinta John da wasu 'ya'yan biyu. Ranar 9 ɗaya, ranar 10 ta ƙarshe. Mutum bakwai cikin kwana takwas, kuma bisa yarjejeniyar ƙauyen ita ce mai haƙa, ita ce mai ja, ita ce mai rufewa. Ana cewa mutanen Stoney Middleton suna hango ta daga ƙetaren kwari, ba mai iya matsowa. Gidan nasu a wajen ƙauye yake, a iska mai kyau, nesa da cunkoso, duk da haka bai tsira ba. Maƙwabtansu na Riley, iyalin Talbot, su cutar ta fara sharewa kafin ta iso gare su. Ita Elizabeth ta rayu. Da farko allunan a warwatse suke cikin gonar, daga baya aka tattara su wuri guda aka kewaye.

Mutum na ƙarshe, Abraham Morten, ya mutu ranar 1 ga Nuwamba 1666. A wata wasiƙa da Mompesson ya rubuta a watan ya ce cutar ta shiga gida 76, ya kuma kamanta garin da Golgota, wurin ƙoƙon kai. Suka ƙone tufafi da shimfiɗu masu yawa. Adadin da aka fi kawowa na mamatan shi ne 260.

Cikin mutum nawa? Nan ne gyaran labari ya fi fitowa. William Wood, ɗan ƙauyen da ya wallafa tarihinsa a 1842, ya ce mazauna kimanin 350 ne, 83 suka rage. Wannan lissafi ya yi shekaru yana yawo. Da masu bincike suka koma kan rajistar coci da takardun haraji, sai suka ga mutanen sun kai 700 zuwa 800, wato waɗanda suka mutu kimanin kashi ɗaya cikin uku ne. Wannan ma ya zarce kason da Landan ta rasa a tata annobar, ba ya bukatar ƙari. Daga Wood da marubutan zamanin Sarauniya Victoria ne yawancin labaran da ake jin daɗin bayarwa suka fito, shekara kusan 180 bayan faruwar abin. Misali labarin Emmott Sydall da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton, waɗanda aka ce suna hangen juna daga gefe biyu na kwari ba sa matsowa. Emmott mutum ce ta gaske, sunanta na cikin rajista, ta mutu a ƙarshen Afrilun 1666, kafin ma a shata iyaka. Sauran kuwa labarin baka ne. Masanin tarihi Patrick Wallis ya yi rubutu a 2006 kan yadda aka gina wannan suna na Eyam sannu a hankali, ki neme shi a ɗakin karatun jami'arku.

Tambayar da za ki so amsarta ita ce ko killacewar ta yi amfani. A 2016 Lilith Whittles da Xavier Didelot sun bi rajistar gida gida da lissafi, suka nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwar daga mutum zuwa mutum ne, ragowar daga ɓeraye, kuma yara da gidajen talakawa sun fi shan wuya. In haka ne, hana fita ya rage haɗarin kai cutar wasu garuruwa, amma ya tsare masu lafiya a gida ɗaya da marasa lafiya. An killace ƙauyen daga duniya, ba a raba mai cuta da mai lafiya a cikinsa ba, kuma barin iyali su ɗauki gawarsu da hannunsu ya ƙara haɗa su da cutar. Masu cewa Eyam ta ceci Sheffield da arewacin Ingila baki ɗaya sun zarce abin da hujja ta bayar. Abin da ya tabbata shi ne ƙauyukan da ke kewaye da Eyam ba su ga irin wannan mutuwa ba, kuma mutanen Eyam ne suka biya kuɗin.

Ke Musulma ce, na san hadisin zai zo miki a rai tun kafin in ambata: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta auku kuna ciki kada ku fita don gudunta. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, da shi kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, wadda Abu Ubaida ya rasu a cikinta. Mutanen Eyam ta hanyar addininsu suka iso ga irin wannan hukunci, shekara dubu da 'yan kai bayan haka. Abin da Eyam ta ƙara mana shi ne bayanin aiwatarwa dalla-dalla: wa ya faɗa aka ji, wa ya kawo gurasa, wa ya samu ya fice tun da wuri, wa aka bari da haƙar kabari.

Cocin St Lawrence kuwa ya cancanci awa guda ko da babu batun annoba. Wasu sassan gininsa na ƙarni na 13 da na 14 ne. A harabarsa akwai gicciyen dutse na zamanin Anglo-Saxon, wajen ƙarni na 8, mai sassaƙen mala'iku da kanannaɗen reshen inabi. Wani yanki na saman sandarsa ya ɓace, shi ya sa kan ya zauna a gajarce, amma kaɗan ne irinsa a Ingila da suka tsira da kansu. A bangon kudu akwai agogon inuwa na 1775, wanda ban da lokacin Eyam yake nuna tsakar ranar wasu biranen duniya. Ki duba da kyau za ki ga Makka a ciki, ga Panama. A cikin cocin akwai kundin sunayen mamatan annobar, da kujerar Mompesson, da tagar gilashi mai launi ta 1985 da ta zana labarin, da zanen tambarin ƙabilun Bani Isra'ila a bango wanda aka gano ƙarƙashin shafe a 1963. Shi Mompesson a 1669 ya koma Eakring a gundumar Nottinghamshire, can ya ƙare rayuwarsa.

Ƙauyen ya farfaɗo da sauri fiye da yadda za ki zata. Shekara biyar da ƙarewar annobar iyalin Wright suka fara gina Eyam Hall, babban gidan dutsen da ke fuskantar dandali, kuma har yau a hannun zuriyarsu yake. A gabansa, kan ciyawa, akwai turun da ake ɗaure masu ƙananan laifi a bainar jama'a. A farkon ƙarni na 18 aka tarar da babbar jijiyar dalma a ƙarƙashin tudun, kuɗi ya shigo, har kujerar limancin Eyam ta zama abin nema saboda ushirin dalma. Da dalmar ta ja baya a ƙarni na 19 sai aka koma saƙar siliki da ɗinkin takalma. Ma'aikatan takalman Eyam da Stoney Middleton, yawancinsu mata, sun yi yajin aiki daga 1918 zuwa 1920 kan albashi da tsawon lokacin aiki da 'yancin shiga ƙungiya. Wannan tarihi ba kasafai ake gaya wa baƙi ba, alhali jikokin waɗannan matan suna ƙauyen. Ramukan dalmar daga baya aka koma haƙar wani ma'adini a cikinsu da ake amfani da shi wajen narkar da ƙarfe. Bututun hayaƙin da za ki hango a saman tudu na mahaƙar Ladywash ne, wadda aka rufe a 1979.

Gidan tarihin ƙauyen yana kan titin Hawkhill, an buɗe shi a 1994, za ki gane shi da siffar ɓera a kan ƙarfen nuna iska da ke rufinsa. Ƙarami ne, amma yana da taswirar gidajen da cutar ta shiga da jadawalin mace-mace wata wata. Ki fara da shi kafin ki zaga. Ba ya buɗewa duk shekara, ki duba lokutansa kafin ki taso.

In kina da zaɓin lokaci, ki je a ƙarshen Agusta. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan ake yin taron tunawa, al'adar da ta faro a 1866 da aka cika shekara 200. Jama'a suna tasowa daga coci a jere zuwa Cucklett Delf, ana kuma ajiye jajayen furanni a kabarin Catherine. A makon ne kuma ake ƙawata rijiyoyi, al'adar Derbyshire ta shafa yumɓu a kan manyan alluna a liƙa ganyen fure da iri da gansakuka har hoto ya fito. Bas mai zuwa Buxton daga Sheffield yana bi ta ƙauyen, amma ba ya yawan zuwa, musamman ran Lahadi, don haka ki san lokacin na ƙarshe tun kafin ki sauka. Ki sa takalmin da zai jure taɓo ki riƙe rigar ruwa ko da rana ta fito. Gidan tarihi da coci da gidajen annoba da Cucklett Delf za su ci miki safiya, dutsen iyaka da kaburburan Riley kuma yamma. Rijiyar Mompesson sai in ƙafa ta yarda. Filayen da za ki ratsa na makiyaya ne, ki rufe kowace ƙofa a bayanki, kuma a gidajen annoba ki tsaya daga bakin shinge, domin gidajen mutane ne. Ki tafi da abincinki da dardumar sallarki, babu masallaci a kusa.